Takin da ke narkewa da wanda ba ya narkewa

Maganarmu ta yau a kan takin zamani ce. Kowa ya san wahalar da ake sha kafin a sami buhu guda. Amma sau da yawa mutum zai zuba taki a gona, ruwa ya wanke wani, iska ta ɗauke wani, shuka ta sami ragowa. Abin da ke kawo wannan asara shi ne rashin sanin halin kowane taki idan ya gamu da ruwa.

Ku tuna, saiwar shuka ba ta da haƙori. Ba ta cin taki sai ya narke cikin laimar ƙasa, sa'an nan ta tsotsa. Masana kimiyya suna da ƙa'idodi na gane sinadarin da ke narkewa da wanda ke zama gari a gindin ruwa. Uku daga cikinsu sun ishe mu.

Ta farko: takin naitrojin, wato mai sa ganye ya yi kore shar, da takin fotash, suna narkewa da sauri. Yuriya da Sulfa suna cikin wannan aji. Lita guda ta ruwa tana iya narkar da wajen kilo guda na Yuriya.

Ta biyu: yawancin sinadaran fosfet ba sa narkewa. Dutsen fosfet, irin wanda ake samu a ƙasar Sakkwato da ta Tawa, ko an niƙa shi an zuba a ruwa, kwanciya zai yi. Sai an haɗa shi da asid a masana'anta ya zama Supa, sa'an nan fosfet ɗinsa ke narkewa.

Ta uku: farar ƙasa ba ta narkewa sai ɗan kaɗan, a hankali.

Kowa yana iya gwadawa a gida. Ka sami kwalba mai haske, ka cika rabinta da ruwa, ka zuba cokali biyu na taki, ka girgiza. In Yuriya ce ta gaskiya, za ta narke ƙaf, kwalbar kuma ta yi sanyi a hannu. In ka ga yashi ko tsakuwa a gindi, to an yi mata algus, kada ka ƙara saye a wurin. Amma in Supa ce, za ka ga gari ya kwanta. Wannan ba algus ba ne, jifsam ne, kuma gyaɗa tana son sa ƙwarai wajen cika ƙwaya. Kan da Kamfa su ma sukan bar ɗan gari.

To, ina amfanin wannan a gona?

Na ɗaya, Yuriya tana da naitrojin kashi 46 cikin 100, Sulfa kuwa kashi 21. Da yake suna narkewa da sauri, ruwan sama mai yawa yakan gangara da su ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, balle a jigawa. Don haka kada a zuba duka lokaci guda. Ga masara, a sa Kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyu na farko, a bi da Yuriya bayan mako huɗu zuwa shida da shuka.

Na biyu, kada a watsa Yuriya a bar ta a fili. Cikin 'yan kwanaki takan juye ta zama iska mai wari, ta tashi sama. A tona ɗan rami nisan yatsu huɗu daga gindin shuka, a zuba, a rufe da ƙasa. A yi haka lokacin da ƙasa ke da laima.

Na uku, fosfet ɗin Supa ba ya tafiya nesa. Da ya shiga ƙasa sai ƙasa ta riƙe shi inda ya faɗi. Saboda haka a sa shi kafin huɗa, don ya shiga cikin kunya inda saiwa za ta iske shi.

Na huɗu, kada a gauraya Supa da farar ƙasa ko toka, domin fosfet ɗin zai koma irin wanda ba ya narkewa. Kada kuma a gauraya Sulfa da toka. Warin da za ka ji yana tashi, kuɗinka ne ke bin iska.

Na biyar, takin da ke narkewa da sauri yana jan laima. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo, a ɗaure bakin wanda aka buɗe.

Wanda ke da shakka a kan takin da ya saya, ya kawo ɗan kaɗan wurin malamin gona mu gwada tare kafin a kai gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.