Kaza Tana Ci, Amma Tana Ramewa

Yau maganarmu a kan kajin gida ce, waɗanda muke saki su yi kiwo.

Uwargida, kama kazarki ki shafa ƙirjinta. In ƙashi ya yi tsini alhali tana ci, to akwai mai ci tare da ita. Ko a ciki, ko a waje.

Na ciki tsutsa ce. Ƙwanta yana fita cikin kashin kaza. Wata kazar ta tona juji ta haɗiye shi, ko ta ci tana ko tururuwa mai ɗauke da shi. Da damina abin ya fi yawa, saboda danshi. Sai zawo, sai ƙwai ya ragu, 'yan tsaki su ƙi girma.

Na waje kuwa, ɗaga fiffike ki duba. Ƙwarƙwata tana gindin gashi. Ƙuma tana manne a gefen ido. Kaska ta fi su ɓarna: da rana ta ɓuya cikin tsagar bango, da dare ta fito ta sha jini. Saboda haka maganin kaza kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da akurki.

A share kashi, a liƙe tsaga, a zuba toka inda suke birgima. Maganin tsutsa kuwa, a tambayi malamin dabbobi, don ba kowane ke kashe kowace tsutsa ba. A tambaye shi kuma ranar da za a koma cin ƙwai da nama bayan an ba su maganin.

Don Allah, kada a fesa wa kaza maganin gona. Guba ne, kuma 'ya'yanmu ne za su ci naman. A kiyaye, jama'a.