Barewa a Gonar Manomi: Lasisin Farauta da Iyalan Masu Gona a Amurka



A dokar Amurka, naman dajin da ke yawo a gonar mutum ba mallakinsa ba ne. Jiha ce ke riƙe da shi amana a madadin jama'a, fahimtar da Kotun Ƙoli ta ƙarfafa a shari'ar Geer ta 1896. Shi ya sa mafarauci ke sayen lasisi. To, manomin da barewa ke shigar masa gonar waken suya da almuru, ta bi layi tana tsinke kan tsiro tun bai kai gwiwa ba, shi ma sai ya biya kafin ya harbe ta a cikin gonarsa?

Kowace jiha da amsarta. Tekzas ta ce ya sayi lasisi, in ban da wasu dabbobi masu ɓarna kamar aladen daji, waɗanda ta ƙara sassautawa a kansu a 2019. Ohayo ta yafe wa mai gona ɗan jihar da 'ya'yansa komai shekarunsu, da jikokinsa 'yan ƙasa da shekara 18. Bajiniya ce ta fi sakin hannu: mai gona, da mijinta ko matarsa, da iyaye, da 'ya'ya, da jikoki, har da waɗanda 'ya'yan da jikokin suka aura, ko da ba a jihar suke zaune ba.

Ina goyon bayan yafe wa manomi, har zuciyata. Shi ke ciyar da dabbar jama'a da guminsa shekara da shekaru, ba wanda ke biyansa. Ɗan da ke hawa tarakta tare da shi ma ya cancanta.

Sai dai yafiyar tana da tsada, kuma ba kowa ke lura ba. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkata harajin kashi 11 cikin ɗari na dogayen bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji. Ana raba kuɗin ga jihohi, rabi bisa faɗin ƙasa, rabi bisa yawan waɗanda suka biya kuɗin lasisi. Ke nan duk wanda aka yafe wa, jiharsa ta yi asara sau biyu: kuɗin lasisin, da kasonta na tarayya. Wannan kuɗi na cikin abin da ya farfaɗo da barewa mai farar wutsiya, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a farkon ƙarni na 20, yau kuma ana ƙiyasinta kusan miliyan 30.

Saboda haka nake ganin Ohayo ta fi kusa da daidai. Mijin jikar da ke zaune a birni, wanda gonar ba ta ganinsa sai a Nuwamba lokacin farauta, bai yi asarar ko zangarniya ɗaya ba. Me zai hana ya biya kamar kowa?

Yafiyar kuma ba ta ɗauke sauran ƙa'idoji. Lokacin farauta da iyakar adadin da za a kashe suna kan mai gona, kuma a Ohayo da Bajiniya dole ya kai rahoton kowace barewar da ya harbe. Idan agwagwar daji yake nema, matuƙar ya kai shekara 16, sai ya sayi kan sarkin tarayya na dala 25. Shawarata ga jihohin da ke son kyautata wa dangi na nesa ita ce su yi musu lasisi mai rahusa, don sunayensu su shiga lissafin rabon.