In An Ce Miki "Me Ke Damunsa?"



Yau zancenmu kan magana ne, irin wadda ake so ki yi nan take ba shiri. Ba sai a taron biki ko na siyasa ba. Inda abin ya fi tsanani shi ne asibiti. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya ta Zamfara sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Zurmi da Shinkafi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Kin ga ke nan layi dogo ne, malamar asibiti kuma ba ta da lokacin dogon zance. Uwa ta taso tun daga Moriki ko Dauran, ta bi hanyar da kowa ya san halinta, amma da an zo kanta sai ta sunkuyar da kai ta ce wai ba ya dai jin daɗi. Haba 'yar uwa!

Bayan sallama, fara da abin da ya hana ki barci. Ki ce kwana uku yana gudawa, tun jiya ya ƙi kama nono. Shi ke nan, kin ba ta bakin zaren. Sai ki faɗi abin da kika ba shi, har jiƙo da maganin kemis. Kada tsoron faɗa ya sa ki ɓoye, don da shi za ta san abin da za ta ƙara da wanda za ta hana.

Na san wata za ta ce ai ɗan fari ne, da kunya. To, ba wanda ya ce ki kama sunansa, yana nan a kan kati. Amma ke kika kwana da yaron nan, ke kika wanke zanensa. In kika bar wa kaka ko maigida bayanin, abin da suka ji za su faɗa, ke kuwa gani kika yi.

Idan murya ta fara rawa, dakata ki ja numfashi. Mu ma da ke gaban makirfo haka aka koya mana, shirun daƙiƙa biyu bai taɓa ɓata shiri ba. In an yi miki Turanci, ce a faɗa da Hausa. Kafin ki tashi kuma, maimaita mata da bakinki: cokali nawa, sau nawa a rana, har kwana nawa, kuma yaushe za ki dawo da shi.