Gashin Ƙari da Ƙwayoyin Furoton



Babbar matsalar likita game da ƙarin daji ita ce yadda zai kashe ƙarin ba tare da ya ɓata lafiyayyen naman da ke kewaye da shi ba. Tun bayan da Rontgen ya gano hasken eksire a shekarar 1895 likitoci suka shiga gasa ƙari da shi. Amma hasken nan ba ya tsayawa. Yakan zubar da mafi yawan ƙarfinsa kusa da fata, ya ratsa ƙarin, sa'an nan ya fita ta baya, yana taɓa duk abin da ya tarar a hanya.

A shekarar 1904, wani masani mai suna William Henry Bragg, a Jami'ar Adelaide ta Ostireliya, ya lura cewa ƙwayoyi masu nauyi, masu ɗauke da lantarki, halinsu daban ne. Idan aka harba irin wannan ƙwaya cikin wani abu, ba ta kashe ƙarfi mai yawa tana cikin gudu. Sai ta fara gajiya, tafiyarta ta ragu, sa'an nan take juye sauran ƙarfinta gaba ɗaya a wuri guda, ta tsaya cik. Misalinta kamar falke ne mai sauri: ba ya kwance jakarsa a ƙauyukan hanya, sai a zango.

Aka yi shekara arba'in da ɗoriya, sa'an nan Robert Wilson, Ba'amurke, wanda ya yi aiki cikin masu ƙera bom ɗin nukiliya a Los Alamos, ya rubuta a 1946 cewa ana iya sa zangon nan ya faɗa daidai kan ƙari. Ƙwayar da ya zaɓa ita ce furoton, watau cibiyar zarrar haidirojin. Akan sa ta cikin na'ura mai manyan maganaɗisu, ta yi ta zagaye har gudunta ya haura rabin gudun haske. Gwargwadon gudunta, gwargwadon zurfin da za ta kai cikin jiki, har wajen santimita 30. An fara gwada ta a kan marasa lafiya a Berkeley a 1954, a Uppsala ta Suwidin kuma a 1957, duk a ɗakunan binciken kimiyya. A 1990 aka buɗe cibiyarta cikin asibiti a Loma Linda ta Kalifoniya. Japan kuwa ta fara amfani da ƙwayar kabon, wadda ta fi nauyi, a Chiba a 1994.

Amfanin wannan hanya ya fi bayyana inda ƙari ya maƙale kusa da abin da ba a so a taɓa, alal misali cikin ido, ko gindin ƙoƙon kai, ko gefen laka. Ya fi kuma ga yara. Yaron da aka gasa masa ƙari a ka yana da shekaru masu yawa a gabansa, hasken da ya ɓace hanya kuwa yana iya rage masa girma, ko ji, ko kaifin ƙwaƙwalwa, ko ma ya tayar da wani dajin daga baya.

Sai dai tsayawar nan da ake yabo tana da nata haɗari. Ƙashi da tsoka da iskar huhu ba su tare ƙwayar daidai wa daida. Idan lissafi ya kuskure da 'yan milimita, ko mara lafiya ya rame, ko numfashi ya motsa ƙarin, sai zangon ya faɗa kan lafiyayyen nama, wani sashen ƙarin kuma ya tsira. Bugu da ƙari, ginin cibiya guda yana cin kuɗi ninkin ba ninkin na injin eksire. Ga dajin da ya fi yawa a manya, kamar na mafitsarar maza da ake kira furostet, ba a tabbatar furoton ya fi eksire na zamani warkarwa ba. Saboda haka likita mai hankali yakan fara duba inda ƙarin yake da shekarun mai shi kafin ya tura shi cibiyar furoton.