Jawabi Ga Waɗanda Ruwa Ya Rusa Wa Gidaje

Iyaye da 'yan uwa mazauna Ghuddwa. Muna jajanta wa duk wanda ruwan Satumbar 2024 ya yi wa ɓarna a yankin Sabha. Allah Ya mayar da alheri.

Yawancinmu haya muke. A dokar Libiya ta 1953, idan gida ya rushe gaba ɗaya, haya ta ƙare. Idan sashe ne ya lalace, ɗan haya yana iya neman ragi. Mai gida kuma ya kai takardun mallaka baladiya, a rubuta asararsa.

Kafin gyara, mu ɗauki hoto, mu nemi shaidu, mu sanar da mukhtarin unguwa, mu adana rasit. Kada mu sa hannu a takardar da ba a fassara mana ba. Ku kawo, mu karanta tare.