Kula da Manya Masu Raunin Fahimta: Abin da Na Gani a Ingila

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin jinya, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya.



An nemi in ɗan yi bayani a kan aikin da nake yi a Ingila, wato jinyar manyan mutane masu raunin fahimta. Su ne waɗanda tun suna ƙanana ƙwaƙwalwarsu ba ta ɗaukar abu da sauri, kuma da haka za su rayu. A nan gida mukan kira su dolo ko gaula, wasu ma su ce aikin iska ne. To, wannan lalura ba taɓin hankali ba ce. Wani da ita ake haihuwarsa, wani doguwar naƙuda ce ta jawo masa, wani shawara mai tsanani ko sanƙarau.

Abin da nake so mu riƙe a yau shi ne, sau da yawa ba lalurar ce ke kashe su ba, ciwon da ke da magani ne wanda ba wanda ya lura da shi. Na taɓa jinyar wani mutum ɗan kimanin shekara 40 wanda ba ya iya magana. Ya fara buga kansa da bango, ya daina cin abinci. Aka ce halinsa ne ya tashi, aka ƙara masa maganin kwantar da hankali. Sai da yayarsa ta zo ta ce ba ta taɓa ganin yana tauna da gefe ɗaya ba. Da aka duba, ashe haƙorinsa ne ya ruɓe. Mu masu takardun shaida muka kasa gani, ita da ta san shi ta gani.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya a kansa. A 2007 ƙungiyar Mencap ta fitar da rahoto a kan mutuwar mutum 6, ɗaya daga cikinsu ya yi kwana 26 a gadon asibiti ba abinci. A 2013 kuma binciken da Jami'ar Bristol ta yi a kan mutuwar mutum 247 ya nuna cewa maza masu wannan lalura na riga sauran maza mutuwa da shekara 13, mata kuwa da shekara 20.

Matakan da ake ɗauka a can ba masu wuya ba ne. Tun 2008 aka fara tsarin duba lafiyarsu sau ɗaya a shekara, ko da ba su yi kukan komai ba. Ana yi wa mutum wata takarda da ake kira fasfon asibiti, mai bayanin yadda yake nuna ciwo, da abin da ke tsorata shi, da magungunan da yake sha. Ana ba shi isasshen lokaci a gaban likita, a yi masa bayani da hotuna. A 2022 doka ta wajabta wa ma'aikatan lafiya da masu kula da jama'a samun horo a wannan fanni.

'Yan'uwa, mu dawo gida. Tun Janairun 2019 Nijeriya ke da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, amma doka ba ta shiga ɗakin da aka kulle mutum. Muna da abin da Turawa ke nema da kuɗi, wato dangi. Sai dai uwar da ke ɗawainiya da irin wannan ɗa tana tsufa, kuma tambayar da ke hana ta barci ita ce: in na mutu, wa zai riƙe shi?

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, likitocinmu da ma'aikatan jinya su ware rana guda a shekara su duba lafiyar waɗannan bayin Allah kyauta, musamman haƙora, ido, kunne da farfaɗiya. Na biyu, duk mai irin wannan ɗan'uwa ya zauna da wadda ke kula da shi, ya rubuta abin da ta sani a littafi, tun tana da rai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wannan rawar ba ta fi ƙarfinmu ba.

 Allah ya ɗaukaka makarantarmu.