Me Ya Sa Taurarina Suka Yi Kwalliyar Shuɗi?

 Yau zancen taurari za mu yi, kuma da kuskurena zan fara.

Bara na tara kuɗi wata da watanni na sayi na'urar hangen nesa, irin mai gilashi a baki, ba mai madubi ba. Da ido, wata ya fito tas. Amma ranar da na ɗaura mata kyamara na ɗauki Kaza Mai 'Ya'ya, kowane tauraro sai ya fito da zoben shuɗi mai sirkin shunayya, kamar an ɗiga masa tawada. Wallahi na ɗauka jabu aka sayar min.

Ashe halin gilashi ne. Farin haske launuka ne a haɗe, kuma gilashi ya fi lanƙwasa shuɗi fiye da ja. Don haka ba sa haɗuwa a wuri ɗaya. Ka saita wannan ya fito, wancan ya baje. Abin ya ishi Isaac Newton, har a 1668 ya haɗa na'ura mai madubi, don ya ɗauka ba gyara. Daga baya Chester Moor Hall a Ingila ya haɗa gilashi iri biyu, kowanne na gyara kuskuren ɗan'uwansa, John Dollond kuma ya yi rajistar dabarar a 1758. Ita ake kira akuromat, irin tawa kenan.

To me ya rage? Akuromat tana haɗa ja da shuɗi, amma shunayya da ke can ƙarshe tana tserewa. Idonmu bai cika ganinta da dare ba. Kyamara kuwa, da take buɗe minti biyu ko uku tana tara haske, ba abin da ke wuce ta.

Maganin gaske shi ne afokuromat, mai haɗa launuka uku, sau da yawa da gilashi uku, ɗaya na musamman kamar FPL-53 ko fulorayit. Kuɗinta fa sai a hankali.

Mu talakawa, akwai dabaru. Matatar da ke tare shunayya tana rage zoben, sai dai hoton kan ɗan yi rawaya. Rage faɗin bakin na'urar ma na taimakawa, amma haske zai ragu. Na kuma gwada gogewa a kwamfuta, a nan na yi ɓarna: taurarin Kaza masu zafi ne, shuɗinsu na gaske ne, ga ƙurar da ke kewaye da su ita ma shuɗi take haskawa. Ina goge zoben na goge har da ita.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in hoto za ku ɗauka, kafin ku biya ku ce mai kaya ya nuna hoton tauraro mai haske da aka ɗauka da ita, wanda ba a taɓa ba. Ni ban tambaya ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.